Jagora ga Mai Duba Bishiya da Mai Ba da Shaidar Ƙwararre a Kotu

A ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan, ɗorawa ɗaya tana iya raba 'yan'uwan da suka raba gonar gado lami lafiya. An auna ƙasa kowa ya karɓi nasa, sai bishiyar ta faɗo a kan iyaka, kowa na ganin kalwar tasa ce. Ban da rigimar gado akwai ta jingina, inda mai gona zai ce ƙasa ya bayar ban da itatuwa. Akwai mangwaron maƙwabci da saiwarsa ta tsaga katanga, akwai reshen dogon yaro da iskar farkon damina ta karyo a kan ɗan acaɓa ko rumfar mai rake. A 'yan shekarun nan kuma maganar diyya ta ƙaru, saboda manyan ayyukan da suka bi tsakanin Zariya da Kano: gyaran babbar hanyar da ta ratsa Tashar Yari, da bututun gas na AKK da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, da layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021. A duk waɗannan, in magana ta yi tsami sai a ce a nemo malamin daji ya zo ya faɗi abin da ya gani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ƙannenmu masu shigowa aikin suna ta faɗawa rami guda. Za ka ga yaro mai ƙoƙari, ya san bishiya, amma lauya ya yi masa tambaya uku ya watsar da rahotonsa, domin ya amsa abin da ba fanninsa ba, ko ya rubuta abin da aka gaya masa tamkar shi ya gani.

Tambayoyin da ake kawowa a kan bishiya iri uku ne, kuma kowace da mai ita. Lafiyar bishiya, da abin da ya kashe ta ko ya kayar da ita, da kimanin shekarunta, wannan naka ne. Ƙimarta da kuɗi, kana da hannu a ciki amma ba kai kaɗai ba. Wa ya mallake ta kuwa, wannan na dattawan gari ne da takardu da alƙali. Wanda ya riƙe wannan rabon ya tsira daga rabin kurakuran da zan ambata.

Wane ne ƙwararre a idon kotu

Dokar Shaida ta 2011 ta fara da hana ra'ayi. Sashe na 67 ya ce ra'ayin mutum ba hujja ba ne, shaida ya faɗi abin da ya gani ko ya ji kawai. Sashe na 68 ne ya buɗe ƙofa ga wanda ya ƙware ta musamman a wani fannin kimiyya ko fasaha ko al'ada. Ka lura dokar ba ta ambaci digiri ba. Alƙali ne zai saurari karatunka da aikin da ka yi, ya yanke ko ka isa. Ko ya yarda ka isa, ba dole ne ya ɗauki ra'ayinka ba, shi ya sa sashe na 76 ya ba da damar a ji dalilan da ka gina ra'ayin a kansu. Dalilan nan su ake aunawa.

Yawancin rigingimun ƙauye a yankinmu suna farawa ne a kotun shari'ar Musulunci, cikin tsarin da jihar Kaduna ta kafa a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. A ƙararrakin da ba na laifi ba, fiƙihun Malikiyya ne ke aiki a can. Malamai sun daɗe da sanin komawa ga masana sana'a a kan abin da alƙali ba zai gane da kansa ba, kuma sun ce masani ɗaya yana isarwa, amma biyu sun fi. Sharaɗin shi ne adalci: kada ka kasance kana da riba a hukuncin, ko gaba da ɗaya ɓangaren, ko kusancin jini da ɗayan.

Wata shari'a da aka yi a Ingila a 2006, ta Poll da Bartholomew, ta nuna bambancin mai kallo da mai dubawa. Wani mai babur ya yi karo da ɓangaren bishiya da ya faɗo kan hanya. Masu filin suna da ma'aikacin daji da ke duba musu itatuwa, amma daga bakin hanya yake kallo yana wucewa. Kotu ta ce wanda ya samu horon da ya dace da zai ga bishiyar mai jiki da yawa ce, ɓawo ya naɗe a mahaɗarsu, da ya matsa kusa ya ga naman kazar da ke cin gindinta. Aka ɗora wa masu filin alhaki, don sun sa wanda iliminsa bai kai aikin ba.

A ƙasashen can akwai takardar shaidar wannan aiki ta musamman, irin wadda ƙungiyar ISA ta Amurka ke bayarwa kan auna haɗarin bishiya. Mu a nan hanyarmu ita ce difloma ko digiri a aikin gandun daji, daga kwalejin tarayya ta Afaka ko ta Jos ko jami'a, sai kuma kusantar masu bincike irin na tashar binciken gandun daji da ke Samaru. A ganina karatun namu ya fi ƙarfi a renon dashe da kafa gandu da lissafin katako, bai cika tsayawa a kan bishiya guda da ke tsakar makarantar firamare ba. Wannan giɓin kai za ka cike shi. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka riƙa bin masu injin yankan itace idan an ba su izinin sara. Kafin su sa injin, ka duba bishiyar ka rubuta abin da kake zaton yana cikinta. In ta faɗi ka je ka ga gaskiya. Littafin da ka tara irin wannan a cikinsa, da kwanan wata da hotuna, shi ne takardar da lauya ba ya iya yagawa.

Kayan aiki

- Tef ɗin awo mai tsawo, da ƙarami na aljihu.
- Guduma ta roba ko ta katako. Ta ƙarfe tana raunata ɓawo kuma sautinta na ruɗi.
- Siririn rodi mai kimanin rabin mita zuwa mita, don zura wa kogo.
- Ƙaramar fartanya da wuƙa da tocila.
- Madubin hangen nesa, don rassan sama.
- Waya mai kyamara da ke nuna lambobin wuri, an saita mata kwanan wata daidai.
- Fenti, da ambulan na takarda da kwalabe masu tsabta don samfuri.
- Littafi mai ɗinki mai lambar shafi, ba fallen takardu ba, da biro.
- Takalmin roba mai tsawo da hular kwano.

Mataki na 1: Ka san wa ya aiko ka, da abin da aka tambaye ka

Kada ka tashi sai an ba ka tambayar a rubuce, ko daga kotu ko daga lauya ko daga ƙaramar hukuma. "Je ka duba mana bishiyar nan" ba tambaya ba ce. "Shin bishiyar tana da ruɓa kafin ranar da ta faɗi, kuma mai lura zai iya ganin alamar?" ita ce tambaya. In kai ma'aikacin gwamnati ne, ka nemi izinin shugabanka tukuna.

A nan ne kuma ake gama maganar kuɗi. Ladanka ya zama tsayayye, a biya ko an ci ko an faɗi. Duk wanda ya ce zai ba ka kaso daga diyyar da za a samu ya mayar da kai mai ƙara. Wakilin da ke bi wa manoma haƙƙinsu a kan kaso sana'arsa daban ce, ba laifi ba ce, amma ba zai kuma tsaya a matsayin shaida marar ɓangare a maganar ba. Haka in gonar ta surukinka ce, ko kai ka taɓa ba da izinin sare bishiyar, ka faɗa tun da wuri ka janye.

Mataki na 2: Ka je da wuri, ka shiga ta ƙofa

Bishiyar da ta faɗi a ƙauye ba ta daɗewa a kwance. Kafin a ankara masu itacen girki da masu gawayi sun kwashe hujjar. Ka roƙi mai unguwa ko dagaci ya hana taɓa ta, musamman kututturen da daidai wurin da ta karye.

Ka sanar da ɓangarorin biyu ranar zuwanka, ka rubuta sunayen waɗanda suka halarta. Wanda ya je da mai ƙara shi kaɗai, ya ci tuwo a gidansa, ya dawo, ya ba lauyan ɗaya ɓangaren tambayarsa ta farko. Kafin ka matsa gindi ka ɗaga kai: reshen da ya karye ya maƙale, wayar lantarki, amya ko zumar da ta yi gida a kogo. Kada ka zura hannu a rami, rodi da tocila aikinsu ke nan, don gamsheƙa da kububuwa suna son irin wurin. In hadari ya haɗo, ka tattara ka bar wajen.

Mataki na 3: Ka tabbatar da bishiyar, ka auna ta

Ka rubuta sunanta na Hausa da na kimiyya tare, domin sunayenmu suna canzawa daga gari zuwa gari. Abin da wani ya kira dogon yaro wani darbejiya zai ce, wani maina, amma Azadirachta indica ɗaya ce. In kana shakka, ka yanki reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya ka kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a tabbatar maka. Ka sa wa kowace bishiya lamba da fenti, ka ɗauki lambobin wurinta, ka zana taswirar hannu mai nuna nisanta da iyaka ko katanga ko hanya.

Ana auna kewayen jiki a mita 1.3 daga ƙasa. In ka raba da 3.14 ka samu faɗin. Rimi, mai faffaɗan gindi, a saman inda gindin ya ƙare ake auna shi, kuma ka rubuta cewa haka ka yi. Tsawo kuwa, sanda mai tsawon hannunka ta isa: ka riƙe ta a tsaye hannu a miƙe, ka ja da baya har ta rufe bishiyar daga gindi zuwa ƙoli, tazarar da ke tsakaninka da gindin ita ce kimanin tsawon. Amfaninsa shi ne sanin iyakar inda za ta kai in ta faɗi.

Mataki na 4: Duba daga ƙasa zuwa sama

Sabon shiga yakan fara da ganye, in ya ga kore ya ce lafiya lau. Ruwa da abincin bishiya suna bi ne ta sassan da ke kusa da ɓawo, don haka cikinta na iya zama fanko alhali kanta na shar. Saboda haka ka fara daga ƙasa.

Ka zagaya gindin gaba ɗaya, ka share ciyawa da yashi da fartanya. Ka nemi ƙasar da ta tsage ko ta kumbura a gefe ɗaya, alamar saiwa ta fara ɗagawa. Ka nemi inda aka haƙa kwalbati ko harsashin gini aka datse manyan saiwoyi, da inda aka tara ƙasa aka binne wuyan bishiyar, da tabon wuta a inda ake ƙona karan gona a jikinta kowace shekara. Naman kaza mai tauri da ya fito a gindi ko a kan saiwa babban gargaɗi ne, domin abin da ka gani a waje ɗan kaɗan ne daga abin da ke cikin. Hanyar gara a jikin ɓawo ba hukunci ba ce, sau da yawa matacciyar fatar waje take ci. Abin tambaya shi ne ko ta shiga zuciyar itacen.

Sai jiki. Ka riƙa bugawa da guduma kana zagayawa kana hawa sama. Lafiyayyen itace sautinsa a daskare yake, mai kogo kuwa yana amsawa kamar ganga. Inda akwai ƙofa ka zura rodi ka auna zurfin, ka cire daga faɗin, ka san kaurin lafiyayyen bangon da ya rage. Wani masani Bajamushe, Claus Mattheck, ya yaɗa ƙa'idar cewa in bangon ya gaza kimanin kashi 30 cikin 100 na rabin faɗin jiki, haɗarin karyewa ya ƙaru. Misali, bishiya mai kewayen santimita 220 faɗinta 70 ne, rabinsa 35, bangon da bai kai santimita 10 zuwa 11 ba abin damuwa ne. Ka yi amfani da ita a matsayin ishara, kada ka kai ta kotu a matsayin doka. Masana sun yi ta jayayya a kanta, ba a kan itatuwanmu aka gina ta ba, kuma bishiyar da aka rage wa kai iska ba ta kama ta kamar mai cikakken kai. Kuka ma takan yi kogon da mutum zai shiga, ta ci gaba da tsayuwa shekara da shekaru.

Ka duba sassaƙe. Maɗacin da masu magani suka ɓare ta gefe guda yakan warke, wanda aka zagaye kuwa ya tafi. Ka duba mahaɗar manyan rassa: mai siffar U ta fi ƙarfi, mai siffar V da ɓawo ya naɗe a ciki ita ce ke tsagewa. Dogon yaron da aka taɓa gundule wa kai, sababbin rassan da suka tofo a bakin yankan ba su da tushe mai zurfi, kuma su ne ke yin tsawo da nauyi a kan rumfunan kasuwa. Kauci in ya yi yawa a ɗorawa ko kaɗanya yana rage 'ya'ya yana busar da rassa, ka ƙirga rassan da ya kama.

Ka san kalandar kowace bishiya kafin ka ce ta mutu. Gawo da damina yake zubar da ganye ya tofo da rani. Kuka tsirara take da rani. In kana shakka ka kankare ƙaramin reshe da wuƙa ka ga ko akwai ɗanye a ƙarƙashi.

Daga ƙarshe ka tambayi kanka, in ta faɗi a kan wa za ta faɗi? Ruɓaɓɓiyar tsamiya a tsakiyar gona da irinta a tashar mota ba hukuncinsu ɗaya ba. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Cavanagh da majalisar ƙauyen Witley, ta tabbatar da cewa duba wata babbar bishiyar bakin hanya sau ɗaya a shekara uku bai isa ba, bayan ta faɗo kan motar bas a 2012. Wurin da bishiya take shi ke faɗin yawan dubawar da take bukata.

Mataki na 5: Dalilin faɗuwa, dalilin mutuwa, da shekaru

Fuskar karaya tana ba da labari. Lafiyayyen itacen da iska ta fi ƙarfinsa yakan tsage da dogayen zaruruwa masu haske. Ruɓaɓɓe kuwa guntulewa yake yi, launinsa ya sauya, yana marmashewa a hannu ko yana da laushi, wani lokaci da jar ƙasar gara a tsakiya. Ka auna kashi nawa na fuskar ya ruɓe, ka ɗauki hoto da tef a kai, ka yanki guntu ka adana. Tambayar da kotu ta fi bukata ita ce ko ana iya ganin alamar daga waje kafin faɗuwar. Ruɓar da ke ɓoye daban, kogon da yara ke wasa a cikinsa daban. In ana jayayya a kan ƙarfin iskar ranar, a nemi bayanan hukumar hasashen yanayi, NiMet, kai kuma ka duba ko lafiyayyun itatuwan kusa sun faɗi.

Zargin an kashe bishiya da gangan yana da yawa, musamman inda inuwarta ke cin masarar maƙwabci. Zagaye ɓawo da wuta a gindi ido na ganinsu. Tsawa takan bar doguwar tsaga daga sama zuwa ƙasa. Maganin kashe ciyawa kuwa, ko ka ga huda a gindi da ƙananan ganye a murɗe, iyakar abin da za ka ce shi ne alamun sun yi daidai da guba. Tabbatarwa sai ɗakin gwaji. Ka ɗebi samfurin a gaban ɓangarorin biyu, a rufe, su sa hannu. Wanda ya zuba kuwa, bishiya ba ta faɗin sunansa, kai ma kada ka faɗa.

Shekaru tambaya ce mai nauyi a kotun Musulunci. Littafin Tuhfa na Ibn Asim, wanda alƙalanmu ke komawa gare shi, yana da fasali a kan cutarwar itatuwa, inda hukunci ya bambanta tsakanin bishiyar da ta riga katanga da wadda aka dasa bayan an gina ta. Don haka za a tambaye ka wa ya riga wani. Kada ka dogara da ƙirga zoben cikin itace, a itatuwanmu ba koyaushe zobe ɗaya ke nufin shekara ɗaya ba. Ka ba da tazara, ka ce tsakanin shekara kaza da kaza, ka gwada da itatuwan irinta na kusa da aka san lokacin dasa su, ka duba tsoffin hotunan tauraron ɗan'adam a Google Earth. Tarihi ma yana taimako: dogon yaro baƙo ne, a 1928 aka fara kafa shi a Borno, saboda haka wanda ya ce nasa tun zamanin jihadi yake ya yi kuskure.

Mataki na 6: Ƙima

Ka fara sanin wace irin ƙima ake nema. In gwamnati ce ta karɓi ƙasa don amfanin jama'a, sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya bar ƙimar amfanin gona a hannun jami'in da aka ɗora wa alhakin, shi kuma da jadawalin farashi yake aiki. Jadawalin tarayya na 2008 ya zauna har 2024 kafin a sabunta shi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce: a shiyyar Arewa ta Tsakiya babban mangwaro ya tashi daga naira 4,000 zuwa 105,000. Kaduna tana Arewa maso Yamma, don haka kada ka ari wannan adadin. Ka nemi jadawalin da hukumar da ke biyan take aiki da shi, ko ta tarayya ce ko ta jiha, wato KADGIS, ka rubuta shekararsa a rahoto. Wanda bai gamsu ba yana da hanyar kotu ƙarƙashin sashe na 44 na tsarin mulkin 1999, kuma tun 1986, a shari'ar Kanada da Gwamnan Jihar Kaduna, kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi yarda a toshe wannan hanya.

Aikinka a nan ƙirga ne da rarrabewa: babba mai 'ya'ya, matashiya, da dashe. Ka yi hattara da dashen dare ɗaya da ake cusawa in an ji masu ƙirga na tafe. Ka tona gefen guda, in saiwar na nan a dunƙule da siffar ledar reno, ka rubuta haka.

In kuwa ɓarna ce tsakanin mutum da mutum, ainihin asarar ake nema. Ɗorawa ba kalwa kaɗai ba ce, akwai gari da makuba. Yawan abin da take bayarwa matan da ke tsinka da masu daddawa sun fi ka sani, ka tambaye su na shekaru da dama, don bishiya ba ta yin 'ya'ya daidai kowace shekara. Ka ɗauki farashi daga kasuwar yankin da kwanan watansa, ka cire kuɗin aiki. Kwanan watan yana da muhimmanci, kowa ya ga yadda farashin kaɗe ya girgiza bayan gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyensa waje a watan Agustan 2025. Sai shekarun da za a jira kafin madadin ya fara haihuwa: mangwaron aure 'yan shekaru ne, kaɗanya kuwa sai ta kai sha biyar zuwa ashirin. In mai bishiyar ya riƙe itacen ya sayar, a cire. Adadin ƙarshe na naira, musamman a babbar kotu, ka bar wa mai ƙiyasta kadara da ke da rajistar ESVARBON ya sa hannu a kan bayananka.

Mataki na 7: Rahoto

Ka fara da sunanka da karatunka da aikinka, da wanda ya aiko ka da tambayar da ya yi, da ranar zuwa da waɗanda suka halarta. Daga nan ka raba bayaninka uku, kada su cakuɗe: abin da na gani na auna, abin da aka gaya mini da wanda ya faɗa, sai ra'ayina da dalilansa. Ka faɗi abin da ba ka duba ba, misali ba ka hau sama ba, ko an riga an kwashe rassan. Ka kawo abin da bai yi wa wanda ya biya ka daɗi ba, domin ɗaya ɓangaren zai kawo shi. A shari'ar da ake kira Ikarian Reefer ta 1993, alƙali Cresswell na Ingila ya jera haƙƙoƙin ƙwararren shaida, kuma jigonsu shi ne ra'ayinsa ya zama nasa, ba wanda bukatar shari'ar ta tsara masa ba. Lauya na iya gyara maka tsari, ba ya gyara maka sakamako.

Hotunan waya suna ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida, wanda ke neman bayanin na'urar da ta samar da su da yadda aka fitar da su. Ka tuna wa lauya ya shirya takardar wannan bayanin, kai kuma kada ka goge na asali ko ka yi musu kwalliya.

Mataki na 8: A gaban alƙali

Ka zo da littafinka na asali da samfuranka. A babbar kotu za ka riga ka rubuta bayaninka bisa rantsuwa, ranar zama ka amince da shi, sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya taso maka. Harshen kotun Turanci ne, in ka fi sakewa da Hausa ka nemi tafinta, ba abin kunya ba ne. A can "Ya Mai Shari'a" ake cewa, a kotun Musulunci "Allah gafarta Malam", kuma a nan ma za a ba wanda shaidarka ta taɓa damar ya soke ta kafin hukunci.

Lauya ne ke tambaya, amma alƙali kake ba amsa, shi za ka fuskanta, a hankali yadda zai iya rubutawa. Za a ce maka, "Malam, ka taɓa karanta ilimin guba?" Ka ce a'a, shi ya sa ka aika samfuri. Za a ce, "Ashe iska kaɗai ba ta iya kayar da lafiyayyar bishiya?" Ka ce tana iyawa, sannan ka nemi izinin nuna fuskar karayar wannan. Za a lallaɓa a ce, "To a ganinka ta wace ce?" Ka ce wannan ba fanninka ba ne. Maganar al'adar mallakar itatuwa, sashe na 70 na Dokar Shaida ya ba sarakuna da masu sanin al'adar wurin damar faɗinta. In an nuna maka sabuwar hujja da ta canza lissafinka, ka canza a fili. In kotu ta fita ziyarar gani da ido, ka nuna lambar fentinka, ka sake awon a gaban kowa. Shaidar zur laifi ne a dokar Penal Code ta jihar Kaduna, kuma takardar makaranta ba ta kare kowa daga hukuncinsa.

Kirana ga sassan gona da gandun daji na ƙananan hukumomin nan uku, wato Ikara da Maƙarfi da Kudan, shi ne kowanne ya buɗe rajistar manyan itatuwan kasuwanni da makarantu da tashoshin mota da harabar masallatan Juma'a, a sa musu lamba, a riƙa duba su tsakanin Fabrairu da Maris kafin iskar farkon damina, a kuma haɗa kowane sabon ma'aikaci da tsohon hannu a wannan zagayen.